Dokin Malam Ribas

Shekara ashirin da biyu Malam Ribas ya yi yana koyar da tuƙin mota, kuma a faɗarsa babu wanda ya taɓa shigowa hannunsa ya fita bai iya ba. Makarantar tasa ɗaki guda ce a bakin titi, jikin gidansa: teburi, benci, allon alamomin hanya da rana ta cinye jansu, sai wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ƙofar direbanta ba ta buɗuwa sai ta waje. Sunan Ribas kuwa ya samo shi ne ranar da yake nuna wa wani ɗalibi yadda gwani ke ja da baya ba tare da ya waiwaya ba, ya shige da bayan motar cikin rumfar mai sayar da tukwane. Shi dai har gobe cewa yake sunan yabo ne.

Ana nan sai yayan matarsa ya rasu, ya bar doki guda. Sauran 'yan'uwan duk a saman bene suke zaune, babu mai tsakar gida sai ita, don haka aka jawo dokin aka ɗaure mata shi a gindin bishiyar lemo, kusa da akuyarta. Tsohon doki ne ja, mai faɗin baya da runtsattsun idanu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan amalanken yashi da bulo. Marigayin yana kiransa Sannu-Sannu, kuma duk wanda ya ga tafiyarsa ba ya tambayar dalili.

A bangon ofishin Malam Ribas akwai wata kalanda ta masu sayar da man juye, shekararta ta wuce tuntuni amma ya ƙi cire ta saboda hoton da ke jiki. Wani mutum ne a kan farin doki, dokin ya miƙe tsaye cak da ƙafafun baya, na gaba suna dukan iska, mutumin ya ɗaga hannu guda kamar mai tsayar da duniya. Ranar da dokin ya kwana uku a gidan, Malam Ribas ya ciro kalandar ya kawo ta tsakar gida. Ya dubi hoton, ya dubi Sannu-Sannu, ya sake duban hoton.

"Hajiya, zo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Kamar an tsaga kara."

Matarsa ta fito da tsintsiya a hannu, ta leƙa. "Wanne ne kamar wanne?"

"Dubi ƙirjin. Dubi wuyan. Launi ne kawai ya raba su. Wannan dokin ɓata shi aka yi da amalanke, Allah ya jiƙan Yaya, bai san abin da ya riƙe ba. Wata guda zan koya masa wannan tsayuwar. In hau, a ɗauke mu hoto, a buga a sabon allon makaranta. Duk wanda ya wuce ya gani zai ce, mutumin da ya iya da doki haka, mota kuma ai wasa ce."

"Malam, ka taɓa hawan doki?"

"Na hau tirela, na hau tanka, na hau motar kwasar ƙasa. Doki mene ne? Mota ce mai taya huɗu, sai dai ita tana cin ciyawa."

Ta jingina tsintsiyar da bango. "To ka ji nawa. Tsakar gidan nan ba ta ɗaukar mu da shi. Jiya ya cinye mini rabin shanya. Ƙanena ya ce a kai masa shi gona ya huta a can. Na ba ka watan da ka ce. In ya cika bai tsaya ba, gona."

"In ya tsaya fa?"

"In ya tsaya, ni ma sai in tsaya in yi kallo."

Tun a ranar ya sake wa dokin suna, ya koma Walƙiya. Dokin bai nuna ya ji wani bambanci ba.

A tsallaken titi, daidai ƙofar makarantar, akwai Mai Faci, abokin Malam Ribas kuma abokin gardamarsa tun suna samari. Ɗan siririn mutum ne mai hula ɗaya tilo, wanda ke iya faɗin baƙar magana yana ci gaba da goge tiyub ko ɗagowa bai yi ba. Kafin labarin ya huce ya kai kunnensa.

"Na ji an ce ka buɗe sashen dabbobi," in ji shi.

"Ka ji daidai. Ranar talatin ga wata ka zo filin koyon tuƙi, ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

"Wannan dokin da na sani? Wanda in yana tafe kaji ba sa matsawa, sai dai su jira ya kewaye su?"

"Kalma ɗaya zan faɗa ya miƙe."

"To mu yi haka. In ya miƙe, kullum ka fito da safe zan cire hulata in gaishe ka, har ƙarshen shekara. In bai miƙe ba, ka zo ka riƙe mini famfon hannu mako guda. Duk tayar da ta zo kai za ka ba ta iska, a nan bakin titi, ɗalibanka suna wucewa."

Malam Ribas ya miƙa hannu suka tafa. "Ka fara wanke hular, kada ka riƙa ɗaga mini datti."

Washegari da hantsi ya aro sirdi da linzami wajen wani mai kiwon dawaki a bayan gari. Sai da ya juya sirdin sau uku kafin ya yanke shawarar inda gabansa yake. Ya jawo dokin ƙofar gida, ya taka benci, ya haye. Ya gyara zama kamar yadda yake koya wa ɗalibai, baya a miƙe, ido a gaba, har hannunsa ya kai sama zai gyara madubi sannan ya tuna. Maƙwabta biyu-uku sun fito. Ya ɗaga hannu irin na mutumin kalanda, ya buɗe murya ya ce, "Tashi!"

Dokin ya kaɗa kunne. Wannan kalmar ya san ta, ita marigayi ke faɗa masa duk safiya idan an gama lodi. Sai ya sunkuyar da kai, ya kama hanya.

"Ba gaba ba, sama," in ji Malam Ribas. Ya ja linzami. Bakin dokin da ya shekara goma sha biyar yana jan yashi bai ma san an ja ba. Ƙafar Malam Ribas ta dama ta shiga laluben birki a cikin iska. Ya ce tsaya, ya ce dakata, ya ce ya isa, ya ce don Allah. Dokin ya ci gaba da taku ɗaya-ɗaya, ya fita layin, ya karya kwana ba sigina, ya bi hanyar aikinsa ta da.

Sai da suka je ramin yashi dokin ya tsaya, ya jira a yi lodi. Malam Ribas ya zaro ƙafa daga likkafa zai sauka ke nan, dokin ya ga lokacin lodi ya wuce, ya sake kama hanya. Suka tsaya a wajen masu buga bulo. Suka tsaya a shagon siminti. Suka tsaya a ƙofar wani gida da aka gama ginawa shekara shida da suka wuce, mai gidan ya leƙo ta taga ya ce shi bai yi odar komai ba. Daga nan suka tsaya wajen wata tsohuwa mai sayar da burodi, dokin ya ƙi motsi sai da ta gutsura masa kamar yadda ta saba, ta kuma dubi na saman ta ce, "Kai ma a ba ka?"

Rana ta take tsaka lokacin da dokin ya dawo da shi ƙofar gida. Ya sauko ƙafafunsa a buɗe kamar baka, fuska ta yi jawur. Mai Faci na zaune a inuwar rumfarsa.

"Sannu da hanya. An kai kayan lafiya?"

"Gwajin hanya na yi masa," in ji Malam Ribas. "Ba a fara gyaran inji sai an ji tafiyarsa. Sitiyarin na da ɗan nauyi, amma ba ya shan mai."

"Birki fa?"

"Birki yana nan. Shi ke riƙe da shi."

Da ya shiga gida ya tarar matarsa tana tsince shinkafa. Ya zauna a kan tabarma a hankali, da gefe guda.

"Hajiya, Yaya da wace kalma yake tsayar da shi?"

"Ba kalma ba ce. Fito yake yi sau biyu."

"Kin sani ba ki faɗa ba?"

"Ka ce ka hau tanka. Na ɗauka a can ma haka ake tsayar da ita."

Malam Ribas bai iya fito ba. Ya gwada, iska kawai ta fita da ɗan yawu. Ya ce ba komai, ai shi ba tsayawa yake nema ba, tsayuwa yake nema. Ya soke kalmar tashi daga manhaja, ya maye gurbinta da sama.

Mako na biyu ya koma dabara. Ya ɗaure karas a bakin doguwar gora, ya ɗaga shi sama da kan dokin, yana cewa, "Sama, Walƙiya, sama." Dokin ya ɗaga ido ya dubi karas ɗin, ya auna nisan, ya mayar da kai ƙasa. Ya san duk abin da aka ɗaga sai an sauke. Aka yi minti goma, hannun Malam Ribas ya fara rawa, gorar ta fara sunkuyowa da kanta, har karas ɗin ya iso daidai bakin dokin, ya karɓa cikin ladabi. Haka suka yi kwana huɗu. Dokin ya yi ƙiba, kafaɗar Malam Ribas ta kumbura. A rana ta biyar ya hau kan katanga da gorar don ya ƙara tsawo, hularsa ta faɗo, dokin ya ɗauka wani sabon nau'in lada ne ya tauna ta.

Da karas ya ƙi, ya koma ilimin da ya fi sani. Ya kawo katakan nan biyu masu gangare da ake hawar da gaban mota a kai idan za a duba ƙasanta. Da lallashi da turi ya samu dokin ya ɗora ƙafafun gaba a kai. Gaban ya ɗaga da kamar taƙi biyu. Malam Ribas ya ja da baya, ya karkata kai yana dubawa, sannan ya tsallaka titi da sauri ya kira Mai Faci.

"Zo ka gani da idonka. Mun kai kashi talatin cikin ɗari."

Mai Faci ya zo ya zagaya dokin, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin cikinsa. "Ba ya yoyo," in ji shi. "Amma barci yake yi."

Gaskiya ne. Tsayuwar ta yi wa dokin daɗi a baya, ya lumshe ido, leɓensa na ƙasa ya saki.

"Natsuwa ce. Dabba mai hankali ba ta rawar kai."

"Ranar talatin da katakan za ka zo? Don in sani, in taho da jak ɗin ɗaga mota mu ƙarasa sauran kashi saba'in ɗin."

A wani dare da bai yi barci sosai ba Malam Ribas ya gano inda kuskuren yake, kuma da gari ya waye ya bayyana wa matarsa. Ɗalibi ba ya koyo da baki, sai malami ya yi ya gani. Shekara ashirin da biyu a kan wannan ƙa'idar yake.

Don haka ya tuɓe babbar rigarsa, ya rage daga shi sai singileti da wando. Ya durƙusa da hannu da gwiwa a gaban dokin. Ya ce wa kansa, "Sama," sannan ya zabura ya miƙe, yana dukan iska da dunƙulallun hannaye, yana haniniya iyakar ƙarfinsa. Ya zaro karas daga aljihu ya ba kansa lada, ya gatsa, don dokin ya fahimci tsarin. Ya sake durƙusawa. Safe da yamma, sau ashirin-ashirin.

Kwana biyu da fara wannan, matan maƙwabta suka gano cewa shanyarsu ta fi bushewa a kan katangar da ta haɗa su da gidan Malam Ribas. Wata ma har da kujera ta taka. Ɗaya daga cikinsu ta kira matar gidan gefe ta tambaye ta a hankali ko an kai shi asibiti.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Darasi yake bayarwa."

"Wa yake koya wa?"

"Har yanzu ba mu tantance ba."

Ashe akwai ɗalibi mai ƙwazo a ajin, ba dai wanda aka yi wa rajista ba. Akuyar gidan, wata baƙa mai farin goshi, tana ɗaure taku uku daga wurin, tana kallon komai, kuma ta lura da inda karas ke fitowa. Ranar ashirin da uku ga wata, Malam Ribas ya tsaya gaban dokin ya ce, "Sama." Dokin ya kori ƙuda da wutsiya. A bayansa sai ya ji motsi. Ya waiwaya ya ga akuya tsaye cak da ƙafafun baya, na gaba a lanƙwashe, tana kallon aljihunsa.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ba da ke nake ba." Ta sauka. Ya juya ga dokin ya rage murya ya ce, "Sama." Akuya ta sake miƙewa, har da ɗan taku biyu gaba.

Matarsa na bakin ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Wannan ya nuna manhajar ba ta da laifi," in ji Malam Ribas. "Kuma maganar nan ta tsaya a gidan nan. Ranar talatin ki ɗaure ta da igiya biyu."

Duk wannan hidimar, makaranta ta koma kamar kango. Ɗalibai suna zuwa su tarar da kwaɗo a ƙofa, wasu suka daina zuwa. Wadda ta ƙi gajiya ita ce wata dattijuwa da kowa ke kira Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ta yi ritaya ta ce sai ta koyi mota kafin gwiwoyinta su ƙi. Wata bakwai tana koyo, har yanzu ita da kuloci ba sa ga maciji. Ranar ashirin da tara ta tare shi a ƙofar ofis da jakarta a hammata.

"Malam, sau huɗu ina zuwa. Ni na riƙe makaranta shekara talatin, ban taɓa barin aji don wata dabba ba."

"Ki yi haƙuri, Malama. Gobe da ƙarfe goma ki same ni a fili. Minti biyar zan gama da doki, a ɗauki hoto, sai mu shiga darasi. Ki ma zauna a motar ki jira ni, ki riƙa maimaita giya."

Ya koma gida da yamma ya tsaya gaban dokin shi kaɗai, ba gora, ba katako. Ya shafa masa wuya. A wata gudan nan ya saba da shi fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Dokin kan ɗora masa haɓa a kafaɗa idan yana zuba dusa, kuma shi kaɗai ne a duniya da ke sauraron bayaninsa har ƙarshe bai katse shi ba.

"Walƙiya," in ji shi, "Sannu-Sannu, duk wanda ka fi so. Sau ɗaya kawai. Ko rabi ne. In ba haka ba kai gona, ni famfo."

Dokin ya shinshina aljihunsa.

Filin koyon tuƙi wani fage ne a bayan kasuwa, an jera tsofaffin tayu da gangunan mai a ciki don kwana da fakin. Malam Ribas ya gayyaci mutum goma, Mai Faci ya gayyaci sauran unguwar. Kafin ƙarfe goma wurin ya cika. Masu shaguna sun rufe, matan katanga sun zo da kujerunsu, har tsohuwa mai burodi ta taho da farantinta. Mai Hoto, wani dogon mutum mai tabarau, ya kafa kyamararsa a kan ƙafafu uku. Can gefe motar makaranta na tsaye, Malama a ciki ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana duba agogo.

Malam Ribas ya iso cikin fararen kaya masu guga, da sabuwar hula, aljihu cike da karas. Ya taka ganga ya hau dokin. Ya yi wa jama'a ɗan jawabi a kan haƙuri da sanin makamar aiki, ya ce abin da za su gani yau sakamakon ilimi ne, kada kowa ya gwada a gida. Ya umarci Mai Hoto ya shirya. Wuri ya yi tsit. Ya ɗaga hannun dama sama.

"Sama!"

Dokin ya sauya ƙafar da yake hutawa a kai.

Sai dariya ta ɓarke daga gefen hagu, ta bi layi har ta zagaye fili. Malam Ribas ya duba ƙasa. Ga baƙar akuya tsaye da ƙafafun baya daidai likkafarsa, guntayen igiya biyu da ta tauna suna reto a wuyanta.

Ya nemi matarsa da ido cikin taro. Ta ɗaga masa yatsu biyu, alamar ita dai ta cika umarni.

"Wannan share fage ne," in ji shi da ƙarfi. "A kore ta." Aka kore ta, ta zagayo ta ɗaya gefen. Ya sunkuya daidai kunnen dokin ya ce, "Sama." Akuya ta miƙe. Ya faɗa da raɗa, ta miƙe. Ya yi tari kawai, ta miƙe ta yi juyi guda. Jama'a suka hau tafi. Wani daga baya ya ce a ɗora mata sirdin. Mai Hoto ya ɗaga kyamararsa da ƙafafunta ukun ya juya ta wajen akuya, ya durƙusa yana neman kusurwa mai kyau.

Mai Faci ya matso, hannu a baya. "Famfon yana son a riƙa sa masa ɗan mai a wuya," in ji shi. "Zan nuna maka."

"Lokaci bai cika ba. Ka ce ranar talatin, ba ka ce ƙarfe nawa ba."

Malam Ribas ya saki linzamin a wuyan doki, ya zare ƙafafu daga likkafa, ya juya rabin jikinsa baya don ya yi wa jama'a bayanin abin da ake kira ɗumama inji. Ya ɗaga yatsa ke nan.

A cikin mota kuwa haƙurin Malama ya ƙare. Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Ta ce ita ba za ta zauna tana kallon akuya ba, bari ta fara abin da ta zo yi. Ta murɗa makulli, ta taka totur har ƙasa kamar yadda aka hana ta sau ɗari, ta saki kuloci gaba ɗaya. Tsohuwar motar ta yi tsalle ɗaya, salansarta ta saki wata ƙara kamar an harba bindiga, ta mutu.

Abin da karas da katako da kwana da kwanaki na haniniya suka kasa, salansa ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Dokin ya zabura ya miƙe. Ba rabi ba, ba kashi talatin ba. Ya tashi tsaye sosai, gezarsa ta baje, ƙafafun gaba suna dukan iska, ya saki wata haniniya da ba wanda ya san yana da ita. Na ɗan lokaci ya fi dokin kalanda kyau nesa ba kusa ba, har tsohuwa mai burodi ta dafe ƙirji.

Malam Ribas bai ga ko ɗaya ba, don bayansa ya ba wa abin. Ya dai ji sirdi ya zama bango. Ya sulale ta kan gadon bayan dokin, yatsansa na bayani har yanzu a ɗage, ya wuce wutsiya, ya tashi sama kaɗan, ya faɗa da mazaunai cikin tayu uku da aka jera a kan juna. Ya shige har hammata. Gwiwoyinsa suka haɗu da kunnuwansa, takalmansa suna kallon sama.

Dokin ya sauko a hankali, ya girgiza, ya sa baki ya fara tsince karas ɗin da ya zube. Akuya ta zo ta taya shi.

Matarsa ce ta fara isa wurin. Ta leƙa cikin tayar. "Malam, ka ji ciwo?"

Daga tsakanin gwiwoyi murya ta fito. "Mai Hoto. A kira mini Mai Hoto. Ka ɗauka?"

Mai Hoto ya matso yana duba bayan kyamararsa. "Akuyar ta fito sosai," in ji shi. "Har gashin gemunta ana ƙirgawa. Dokin dai ina jin bai shiga ba. Amma akwai wani abu fari a sama ta gefen dama, ina zaton kai ne."

Malam Ribas ya rufe ido, ya buɗe. "Ba komai. Akwai shaidu. Jama'a, ya miƙe ko bai miƙe ba?"

Taro ya amsa cewa ya miƙe.

"Ya miƙe," in ji Mai Faci, "amma ba kai ka faɗa masa ba. Salansa ce."

"Motar wa?"

"Taka."

"Ɗalibar wa?"

Mai Faci ya sosa ƙeya. Nan fili ya rabu biyu, gardama ta kaure, har sai da Malama ta fito ta ƙofar fasinja, ta buga tafi sau biyu irin na tsakar makaranta, kowa ya yi shiru har manya. Ta ce ta saurari ɓangarorin biyu. Doki ya miƙe, wannan rabin maki ne. Ba da umarni ba, an rasa rabi. Saboda haka Malam Ribas zai riƙe famfo kwana uku da wuni ɗaya zuwa azahar, Mai Faci kuma zai riƙa ɗaga hula, amma ba sai ta rabu da kai ba. Doki kuma, in ji ta, dabbar da ta yi wannan a shekarunta ba a kore ta daga gida, sai dai a raba ta da malaminta. Matar gidan ta ce in dai za a daina haniniya da safe, ita ta yarda ya zauna.

Saura fitar da Malam Ribas. Mutum biyu suka ja hannu, biyu suka ja ƙafa, tayar ta sama ta taso tare da shi. Mai Faci ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa robar, ya ce wannan aikin shago ne, sai da liba, ƙarfen nan na cire taya, da ruwan sabulu. Haka majiya ƙarfi huɗu suka ɗauke shi da tayarsa kamar faranti, suka ratsa kasuwa da shi, jama'a na biye, doki da akuya a ƙarshen layi. Ko a hakan bai yi shiru ba. Yana daga ciki yana cewa su rage gudu akwai kwana a gaba, na hagu ya ba da hannu, kada su wuce mai kura ta dama.

A rumfar faci aka kwantar da shi a gefe, aka zuba ruwan sabulu, Mai Faci ya sa liba ya danna. Aka ji wani ɗan sauti kamar an cire murfin kwalba, Malam Ribas ya fito. Ya miƙe da ƙyar, fararen kayan sun yi zobe baƙi a tsakiya, kumfa na ɗiga. Mai Faci ya kama bakin hularsa ya ɗaga ta kaɗan, ya mayar.

Matarsa ta ba shi kafaɗa suka tsallaka titi a hankali. Sai da suka kai ƙofar gida, hayaniya ta rage, sannan ya sassauta murya.

"Hajiya, tsakaninki da Allah. Ni ban gani ba. Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji ta, tana tura ƙofa. "Ku duka biyun kun yi kyau a sama. Shi dai ya fi ka iya saukowa."